Injin Tumɓuke Kututture Zai Zo Ran Litinin

Yaya Tuovi,

Don Allah ki taimake ni, tsoro ya hana ni sakat. Mijina Eino ya rasu bara. Ya fita kamun kifi a kan ƙanƙarar da ke rufe tafki da hunturu, inda ya shekara arba'in yana takawa, ta fashe da shi. Ya bar mini dajin katako, ni kuwa ban san kan daji ba.

Bana aka sare itatuwan gefen gabas. Ɗana Reijo, mai aiki a gidan wutar da ke ɗumama garinmu, ya ce in ba su rassa da kututture duka su ƙona, wai gara su da kwal. Da wutar nan ake ɗumama gidan tsofaffin da mahaifiyata take ciki. Na sa hannu a yarjejeniya da kamfanin wutar. Da 'yata Sointu ta ji, ita da ke karatun gandun daji, sai ta bugo waya tana kuka, wai kututture kan riƙe sinadarin kabon na tsawon shekaru da dama, ni kuma zan sake shi sama a hunturu ɗaya, kuma irin wannan ne ke ɗumama duniya har ya raunana ƙanƙara a ƙarƙashin babanta. Reijo ya ce surutun 'yan littafi ne kawai. Yanzu ko gaisawa ba sa yi. Injin tumɓuke kututturen zai zo ran Litinin. Ko wajen tafkin ba na iya dubawa. Yaya, in na bari aka ƙona su, mijin wata zan kashe ke nan?

Mai fargaba daga yankin Kainuu

'Yar'uwa,

Ina miki ta'aziyya. Ki sauke wannan nauyin: ba dajinki ne ya fasa ƙanƙarar ba.

Kowannensu da gaskiyarsa. Ƙananan rassa, ko an bar su, ba sa daɗewa za su ruɓe su saki yawancin kabon ɗinsu, don haka ƙona su maimakon kwal yana da amfani. Kututture daban ne. A hankali yake ruɓewa, tumɓuke shi kuma yana yamutsa ƙasa.

Gobe ki kira kamfanin, ki nemi a cire kututture daga yarjejeniyar. Rassan a bar su su bushe ganyen ya zube, sannan a kwashi kashi biyu cikin uku, a bar wa ƙasa ɗaya.

Sai ki gaya wa Sointu maganarta ta yi miki ciwo. Ba kututture take wa kuka ba, babanta take wa. Reijo ma haka. Ki tara su ran Lahadi, ki dafa miyar kifi.

Allah ya sanyaya miki zuciya.

Tuovi