Bukari Ya Koma Bernard

Yaya Hamdiya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau a nan Saint-Fons ta Faransa, sai ɗan tari saboda hayaƙin masana'anta. Kada ki gaya mata.

Bukari ɗan Bappa ya zama ɗan Faransa, har ya sauya suna, wai Bernard! Na gaishe shi da Hausa a mota, ya amsa da Faransanci yana kallon taga. Tir! Abokin aikina Prakash, ɗan Nepal, ya ƙi karɓar takardar zama ɗan ƙasar, don ƙasarsu za ta soke tasa. Wannan ya fi Bukari mutunci.

Ki aiko mini takardar haihuwata. Layin sabunta izinin zama ya ishe ni, ni ma zan nemi zama ɗan Faransa. Amma sunan da Baba ya raɗa mini, da shi za a binne ni.

Ƙaninki,
Mustafa