Tun Da Aka Mayar Da 'Yan Matanmu Karatun Yamma

Zuwa ga Malama Rifkatu,

Ki yi haƙuri da na dame ki da wannan takarda, ki ƙara haƙuri da na aiko ta ta shafin jarida, inda kowa zai sa ido. Kin san ba halina ba ne. Lambar da kika bar wa matar mai gadin makaranta ta daina shiga, wanda na ba saƙon baki zuwa Zariya kuma ya dawo ya ce bai gane gidan ba. Sai na ce bari in gwada nan, ko Allah zai sa wani da ya san ki ya miƙa miki. Masu karatu ma su gafarce ni, maganar gida ce dole ta fito da ita waje.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya gwiwar nan taki? Ni ce Maman Nura, matar Malam Sule direba, ta ɗakunan bayan gidan Alhaji a Nassarawa, wadda kike tsokana da Hajiyar Gobe. Har yau dai goben ba ta zo ba, amma ba mu cire rai ba.

A kan 'yata Hafsatu na rubuto. Babanta ya ce da zarar an yi hutun wannan zangon, karatunta na boko ya ƙare. Bari in gaya miki yadda aka zo nan. Wani sashen a gabanki aka yi, wani kuma bayan tafiyarki.

Kin tuna yadda yaranmu suke tafiya makarantar gwamnatin nan a da. 'Ya'yan direbobi da na kuku da na masu gadi, da waɗanda suke takowa tun daga Tudun Murtala da Kawaji, kowane yaro da ƙanwarsa a baya. Nura yakan yi gaba kamar bai san Hafsatu ba, amma bai taɓa shan kwana ba sai ya waiga ya ga ta iso. Ke kuma kina bakin ƙofa kina cewa, “Kanawa, ku ɗaga ƙafa! Da kasuwa ce da tuni kun isa.” In na rako su, sai in ce miki Bazazzagiya ba ta raina abin faɗa, ki yi ta dariya.

Da shari'a ta zo, ba zan ɓoye miki ba, na yi kukan murna. Kin sani ma, don a gabanki na faɗa, kika ce Allah Ya sa alheri ne ga kowa. Ba a daɗe ba ofishin ilimi ya aiko cewa tsaron yara da tarbiyyarsu su ne kan gaba. Aka ƙara wa katanga tsayi, aka sa ƙofar ƙarfe, aka ce hijabi ya sauka har gwiwa, kuma a raba maza da mata. Har gobe ina ganin rabawar daidai ce, ba ita nake kuka da ita ba. Ajujuwan ne ba su isa ba, sai aka ce a raba da lokaci: wasu safe, wasu yamma.

Ranar taron iyaye tana nan a idona. Bayan an sauko daga Juma'a ne. Maza suna cikin aji a kan bencin yara, mu mata muna waje a tabarma, ƙarƙashin darbejiya, kusa da taga. Kamar yadda muka saba, kowacce ta riga ta gaya wa mijinta ra'ayinta tun a gida. To amma ba wadda ta san za a tambayi wa zai yi safe, wa zai yi yamma. Maza suka ce samari suna da gareji da shago da yamma, a bar musu safe. Ba mugunta suka yi ba. Duk cikinsu ba wanda ya taɓa kai yarinya Islamiyya da la'asar, don a lokacin suna bakin aiki, wani a sitiyari, wani a bakin ƙofar maigidansa.

Ke kaɗai ce mace a cikin ajin, saboda malama ce. Na ji muryarki ta taga kina cewa, “Iyayena, wa zai rako su gida?” Wani dattijo ya ce, “Haba Malama, ga katanga, ga ƙofa, ga mai gadi.” Kika ce, “Baba, ai katanga ba ta bin yarinya gida.” Aka yi dariya, aka wuce wurin. Mu na waje muka kalli juna. Mace ba ta leƙa taga ta sa baki a taron maza, haka muka taso, sai muka ce in an koma gida a faɗa musu. Da aka koma gida, kowane miji amsa ɗaya ya bayar: an riga an shafa Fatiha.

Abin da ya biyo baya kin ga farkonsa. Lokacin bokon 'yan mata ya hau kan lokacin Islamiyya, sai kowane gida ya zaɓi ɗaya. Yawanci suka zaɓi Islamiyya, kuma ni ba mai ganin laifinsu ba ce, don da allo aka raine ni. Ni dai Allah Ya taimake ni ina da ɗan abin da na karanta, sai na riƙa biya wa Hafsatu da kaina bayan asuba, ta tafi boko da rana. Ba kowace uwa ce take da wannan ba.

Su kansu waɗanda suka rage, me suke samu? Malamin da ya yi ta fama da maza tun safe shi ne zai tsaya wa mata, muryarsa ta riga ta dushe. Kwanon ajin ya ɗau rana, yara na gyangyaɗi. A tashi azahar, a tashi la'asar, a sallame su da wuri don kada magariba ta yi musu a hanya, kuma duk da haka sai ta yi. Lissafi kuwa, tun da kika tafi ba a sami tsayayyen malami ba. Ajin su Hafsatu da a da har a ƙasa ake zama, yanzu benci ne yake jiran yara. Masu duba makarantu sun zo bara, sun zagaya katanga, sun yaba fenti, sun yaba hijabi. Hafsatu ta ce ta buɗe littafinta a kan benci tana jira ko wani zai duba. Ba wanda ya shigo ajin.

Tafiyarki kuma, Rifkatu, har yanzu tana yi mini ciwo. A kwanakin nan da gari ya rikice, kowa ya kulle ƙofa, sai da ƙura ta lafa na ji an ce kun yi Zariya. Shekarun da muka yi muna musayar tuwon salla da shinkafar Kirsimeti, amma ko rakiya zuwa bakin titi ban samu na yi miki ba.

Bayanki aka hana mata hawa acaɓa. Kekunan nan masu ƙafa uku da aka kawo ba sa shigowa layinmu neman 'yar direba, sai ƙafa. Kin kuma san unguwar nan da yamma. Ba Tudun Murtala ba ce, inda ga mai ƙosai, ga mai shayi, ga dattawa a dakali. Nan dogayen katangu ne da rufaffun ƙofofi, sai ki yi tafiya mai nisa ba ki ga wanda za ki gaisar ba.

Watan jiya, gab da magariba, wata mota mai baƙin gilas ta bi Hafsatu da ƙawarta a hanyarsu ta dawowa daga makaranta, a hankali, ana yi musu magana ta taga. Da ƙawar ta shiga layinsu, motar ba ta tafi ba. Hafsatu ta ruga, takalminta ɗaya ya fita, ta yi ta dukan ƙofar wani gida. Wani tsohon mai gadi, mutumin Jigawa, ya buɗe ya tsaya a gabanta da sandarsa har motar ta wuce, sannan ya kawo ta har ɗaki. Alhamdu lillahi, ba abin da ya taɓa ta.

Malam Sule bai yi faɗa ba, kin san shi. Ya yi salla, ya zauna, sannan ya ce, “Shekara da shekaru ina tuƙa 'ya'yan mutane zuwa makaranta a mota mai sanyi, tawa tana gudu da takalmi ɗaya. Ya isa.” Ni kuwa ban ga inda ya yi kuskure ba.

Mun yi iya namu. Nura ya roƙi maigidansa na gareji a Kawaji ya riƙa sakinsa da wuri don ya rako ta gida, bai samu ba. Mu iyaye mata muka haɗu muka je wa hedimasta, wannan karon da bakinmu. Mutumin kirki ne, ya saurare mu har ƙarshe, ya ce umarni daga ofis yake. Ofis suka ce sababbin ajujuwa suna cikin tsari, sai bayan zaɓe. Na yarda za a gina su wata rana. Amma Hafsatu tana aji uku na ƙaramar sakandare, ba za ta tsaya da girma tana jiran bulo ba. Hajiyar gidan da muke zaune ma har ta ce in ta daina zuwa, ta shigo ta riƙa taya kuku aiki. Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Na san kuma in ta shiga kicin ɗin nan, shi ke nan.

Ga abin da ya sa na dame ki. An ce mini kina koyarwa a makarantar kwana ta 'yan mata ta gwamnati a wajen Zariya, kuma a gidajen malamai kike zaune. Na kawo wa Malam Sule maganar makarantar kwana, ya ce ba zai kai 'yarsa inda ba mu da ido ba. Sai na ambaci sunanki. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “In ta ce ta karɓa, ni zan kai ta da kaina. In ba ta ce ba kafin a tafi hutu, kada ki sake tayar mini da zancen.”

Ba alfarma nake nema a kan jarrabawa ba, Allah Ya kiyaye. Ta zauna kamar kowa, in ba ta ci ba mun haƙura. Abin da nake roƙo shi ne ki zama uwarta a can. Ki leƙa ki ga ta ci abinci, in ta yi zazzaɓi ki taɓa goshinta, in ta yi laifi ki ja kunnenta. Na san wasu za su karanta wannan su yi magana. Na yi istihara, zuciyata kuma ta kwanta. Sallarta ba ta ba ni tsoro a hannunki, ke da kike katse darasi ki ce, “Musulmi, ku tashi lokaci ya yi, kada ku ja mini alhaki.”

Ba za ki gane ta ba yanzu, 'yar'uwa. Ta kusa kamo ni tsayi, ta yi shiru-shiru, malamar asibiti take so ta zama. Ban gaya mata na rubuto miki ba, kada in ɗaga mata rai a banza. Kullum dai tana wanke kayan makarantarta ta goge, kamar ba ta ji abin da babanta ya ce ba.

Allah Ya tsare ki da iyalinki, Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya saka miki da alheri a kan yaran da kika koyar, namu da na wasu. Allah Ya ba masu riƙe da makarantunmu ikon duba hanyar da yaro yake bi da littafin da ke hannunsa. Ya sa mu sake ganawa da alheri, amin.

In nauyin ya yi miki yawa, ki faɗa mini kai tsaye, wallahi ba zan riƙe ki ba. Amsarki ta biyo ta hannun matar mai gadin makaranta, tana nan inda kika san ta. Hutu ya kusa, Rifkatu. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.

Taki har kullum,
Maman Nura,
Nassarawa, Kano.