Na Shafe Zanen Bajamushe da Fentin Bango

Assalamu alaikum Hajiya Khadijatul Kubra. Don girman Allah ki agaza mini da shawara, kuma ki sakaya sunana, don in aka gane ni a garin nan kashina ya bushe.

Ni mai fenti ne, dahhan kamar yadda ake cewa a nan. Daga Chadi na zo, shekara goma sha tara ke nan ina wannan shugul, wato sana'a, a Madina. Ina zaune a unguwar Sih da matata Fatna da 'ya'yanmu uku, duk nan aka haife su, ka yi musu Hausa su amsa maka da Larabci. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, tana hannun kafilina mai tsaya mini, wani mutumin kirki, jikan Kanawan da suka zo Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa. Ƙanwarsa, Ustaza Nadiya, ita ce ta yi karatu a Jamus ta dawo da son zane-zane, ta mayar da tsohon gidan gonar dabinonsu na unguwar Awali wurin baje kolin zane da shan gahawa.

Wata huɗu da suka wuce ta aiko mini da saƙon murya, har yanzu yana cikin wayata: "Ya mu'allim, babban zauren nan kullu abyad, komai da komai fari, kar ka bar ko ɗigo." Na je na tarar da zauren wayam, sai wani katon allo da aka ɗaure jikin bango, tsawonsa ya fi ni, ba firam, ba takarda, ba komai. Fari ne amma farin ya yi dushi-dushi kamar tsohuwar jallabiya, ga wani siririn layi mai ruwan toka ya ratsa shi a kwance. Wallahi Hajiya na ɗauka murfin akwatin wayoyin lantarki ne, layin kuma alamar da kafinta ya manta bai goge ba. Har na yi masa tsaki a zuciyata. Na bi shi da sanfefa sama-sama, na cike 'yan ramukan da na gani da ma'ajun, ƙullun da muke toshe ramin bango da shi, na yi masa shafi biyu da rola. Ya fito tas, ya fi bangon kyau.

Bayan kwana uku aka kawo ƙananan littattafan da za a raba wa baƙi ranar buɗewa. Na buɗe ɗaya don in yi fifita da shi, sai ga murfin lantarkina a shafin farko. Ashe shi ne uban zanen da aka buɗe wurin dominsa. Na wani tsohon Bajamushe ne wanda sunansa na asali ya fi ƙarfin harshena, amma da ya musulunta yana da shekara saba'in ya zama Osman. Littafin ya ce an haife shi a garin da yaƙi ya rusa, ya fara zane da launi barkatai, sannan ya dinga rage su ɗaya bayan ɗaya har shekara talatin, sai fari da toka suka rage masa. Wai yana zaune a wani tsohon rumbun hatsi da kujera ɗaya, cokali ɗaya, matarsa ma ta tafi ranar da ya kyautar da teburin cin abinci. Wannan allon shekara biyu ya yi yana shafa masa fari, shafi tamanin, layin kaɗai ya ci masa wata tara. Ni kuwa tsakanin Azahar da La'asar na gama da shi.

Ga inda na ƙara taɓarɓara lamarin. Tsoro ya kama ni, na ɗauko fensirin kafinta da ma'aunin ruwa irin na magina, na duba hoton, na mayar da layin inda yake. Minti huɗu.

Ranar buɗewa ina raɓe ta wajen ƙofa ina jiran asirina ya tonu. Sai wani daktan jami'a ya tsaya gaban allon ya yi bayani na rabin sa'a. Ya ce duk mai ido zai ga shafi tamanin ɗin suna numfashi a ƙarƙashin juna, ya ce layin nan rawar hannun dattijo ce da ya ga yaƙi. Mutane suna gyaɗa kai, wata mata har da share hawaye. Ustaza Nadiya ta ce tunda zanen ya sha iskar Madina ya ƙara haske.

Makon jiya shi kansa Malam Osman ya iso, ya yi Umra ya zo ziyara. Dogo ne siriri, da sanda, ga tabarau mai kauri. Aka ajiye masa kujera, ya zauna gaban allon kusan sa'a guda yana kallonsa. Can ya tambayi wanda ya yi fentin zauren. Aka turo ni gaba. Ya kama hannuna ya jujjuya, ya dubi farcena, ya yi magana da Jamusanci, Ustaza ta fassara: "Ya ce layin ya fi yadda ya san shi miƙewa, kuma bai taɓa ganin farin da ya kwanta masa a rai haka ba." Aka tafa. Ban san ko yabo ba ne ko tuhuma.

Yanzu maganar da ta hana ni sukuni: za a yi masa baje kolin ayyukansa na ƙarshe a ƙasarsu, ya roƙi aron allon, an amince. Wata mai zuwa za a ɗauke shi, kuma ni aka ɗora wa aikin naɗe shi saboda wai hannuna na da tsafta. An ce can suna da na'urar da ke leƙa cikin fenti.

Fatna ta ce in rufe bakina, tunda mai abin ma ya yaba, in tuna da makarantar yara da iƙama. Abokina Bakri mai gyaran famfo ya ce in bar fentin gidaje in buɗe nawa wurin. Kuma Hajiya, tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in ƙarasa: akwai ranar da nake jin haushi ba a rubuta sunana a ƙasan allon ba. Har na fara zama ina kallon bangon ɗakinmu, Fatna na cewa a nemo mini mai ruƙiyya. Amma in na idar da salla sai in tuna tsohon nan da shekara biyunsa, in ji kamar na binne mutum da ransa. In faɗa, ko in naɗe in yi shiru?

Naki,
Mai Rola, daga Sih

Wa alaikumus salam Malam Mai Rola.

Ba zan ɓoye maka ba, sai da na ajiye wasiƙarka na yi dariya har 'yata Sundus ta leƙo ta ga ko lafiya. Da na gama kuma na ga abin ba na dariya ba ne, abincin gidanka ne da amanar mutane.

Mu raba laifin gida biyu. Shafe allon kuskure ne, kuma ba naka kai kaɗai ba. Wadda ta rataye abu mai daraja haka ba mayafi ba alama, sannan ta ce wa mai fenti komai fari, ta samu abin da ta nema. Kar ka goge saƙon muryar nan. Amma fensirin, wannan naka ne ɗungurungum. Da rola ka yi kuskure, da fensir ka yi yaudara, kuma shi ne yake damunka bayan salla.

Fatna ba ta yi ƙarya ba, tsoronta a kan hanya yake, kar ka raina shi. Sai dai shirun da take so ba zai daɗe ba. Jamusawa ba daktan jami'ar nan ba ne, ba za su tsaya sauraron numfashin fenti ba, kankara za su yi su auna. In maganar ta fito daga can, Ustaza Nadiya za ta kunyata a gaban baƙin duniya, kai kuma ka zama wanda ya ɓata, ya ɓoye, ya kuma naɗe da hannunsa. In daga bakinka ta fito, ma'aikaci ne ya yi kuskure ya kawo kansa. Kafili mutumin kirki ya san bambancin waɗannan biyun.

Saboda haka cikin makon nan ka nemi ganinta, ita da yayanta, ba a zauren ba, ba gaban baƙi ba. Ka faɗi komai, har sanfefa da ma'ajun, don masu gyara su san abin da za su tarar. Na ji akwai gwanayen da kan ɗaye sabon fenti daga tsoho, wataƙila wani abu ya tsira. Kai dai kar ka kusanci allon da tina mai narka fenti ko wuƙa. Taimakon da ka yi masa ya isa haka.

Shi kuwa Malam Osman, ni a ganina mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kallon fari ba zai kasa gane fentin bango ba. Ko dai ya gane ya rufa maka asiri a matsayinsa na baƙon garin Manzo, ko kuma idonsa ya tafi bai so a sani. Ko wanne ne, ba a bainar jama'a za a gaya masa ba. Ka roƙi Ustaza ta kai ka wurinsa kafin ya koma, ka nemi gafararsa baki da baki. Shekara biyu na rayuwarsa ka shafe, ya cancanci ya ji daga gare ka. Abin da zai kai ƙasarsu kuma, da sunan da zai sa masa, shi ya san wannan.

Batun suna a ƙasan allo, ka cire shi daga ranka. In hannunka na ƙaiƙayi, sayi naka katakon ka ja layinka a gida, ka bar kallon bango kar ka tsorata matarka. Shawarar Bakri kuma ka bar masa kayarsa.

Ka yi alwala, ka sa tufafi masu tsafta, ka tafi da wuri tun zuciyarka ba ta sake shawara ba. Allah Ya tausasa zukatansu gare ka, Ya tsare maka sana'arka, Ya raya yara. Ka gaida Fatna, ka ce mata na ce ta raka ka da addu'a.

Hajiya Khadijatul Kubra