Takardar da Mama Ta Ce a Ƙone

Belden Ferry,
12 ga Maris, 1994.

Zuwa ga ƙanena Alton,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Vernice da yara. Yaya sanyin Detroit, yaya kuma gwiwar taka? Ina fata ka bar taurin kai ka je an duba ta. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji.

Bayan gaisuwa, ga littafi nan na haɗo maka, amma ba don ka ji daɗi ba. Sabon littafin Lauya Prentiss Holcombe ne, mai suna Rumbun Masara. Ka tuna shi dai, farar fatan nan da ofishinsa ke kallon kotu, wanda ya rubuta wa Mama wasiyya. Shekara talatin ke nan duk Juma'a yana kulle ofis ya shige ɗakin ajiyar kotu yana tonon tsofaffin takardu. Ya rubuta tarihin jiragen kogin nan, ya rubuta na yaƙin basasa a gundumarmu, har da na gadar jirgin ƙasa, wanda ban san mutum ɗaya da ya kai ƙarshensa ba. Yanzu wai ya koma ƙagaggen labari.

Labarin Ozell Reddick ya ɗauko, baƙar fatan da fararen fata suka jawo daga rumbun masara a 1919 suka rataye don ya yi musu da mai gona a kan awon auduga. Da labarin muka tashi, kuma ba wanda ya taɓa sanin wa ya nuna wa fararen nan maɓoyarsa. To a littafin Holcombe wani dattijon coci ne ya nuna, mai ɗingishi da ƙafar hagu, mai 'ya'ya biyar, wanda ya ba da filin da aka gina coci. Suna kawai ya canja. Alton, wa ya rage a garin nan da bai san ɗingishin Kaka Lemuel ba? Ranar Lahadi ina shiga coci mata suka yi tsit. Wata ta matse mini hannu tana cewa, "Sannu Odessa, Allah ya ba ki haƙuri," sai ka ce mutuwa aka yi mini.

Na san inda ya samo. Ni na tuƙa Mama zuwa ofishinsa wata shida kafin ta rasu. Da ta gama ba shi takardun fili, sai ta ciro wata ambulan a liƙe daga jakarta. Ta ce rubutun mahaifinta ne, hannunta ba zai iya sa masa wuta ba, idan ta mutu ya ƙone ba tare da ya buɗe ba. Mutumin nan ya dafa ƙirji ya ce, "Mama Idella, abin da kika ba lauyanki kin binne shi ke nan." Ina zaune a gefe, da kunnena na ji.

Shekaranjiya na je na same shi. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini shayi mai ƙanƙara, sannan ya ce yana murmushi, "Malama Odessa, ƙirƙira ce kawai. Ko da ma gaskiya ce, doka ba ta san ɓata sunan mamaci ba." Ban taɓa shayinsa ba. Na tashi na fito.

Ya ci amanar matacciya, ya sayar da sunan kakanmu, jarida kuma na yabonsa. Na ci alwashi sai na raba shi da lasisin lauyancinsa, ko da shi ne aikina na ƙarshe a duniya.

Ka gaida Vernice, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Odessa.


Belden Ferry,
20 ga Yuni, 1994.

Ƙanena Alton,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na ji an yi wa gwiwar aiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Wasiƙarka ta iso. Wai in bar wa Allah, maganar za ta mutu da kanta. Kai kana can nesa, ba kai ake nunawa da baki a kantin kayan miya ba. Tun kana yaro haka kake, a mare ka ka ce ƙila kuskure ne.

Na je garin gaba na ga wata lauya, yarinya ce amma ta san aikinta. Ta ce a kan littafin ba abin da zan iya yi masa. Amma asirin wanda lauya ya yi wa aiki ba ya mutuwa don mutumin ya mutu. In aka tabbatar ya buɗe ambulan ɗin ya yi amfani da ita, majalisar ladabtar da lauyoyi za ta iya karɓe lasisinsa. Matsalar ita ce shaida, don zai ce ya ƙone, labarin kuma daga kansa ya fito. Ta ce ba lauyan da zai tona kansa da bakinsa.

Na yi dariya na ce mata ita halin lauya ta sani, ni kuwa halin mai tarihi na sani. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa, na san yaron da gara a dake shi da a ce amsarsa ba daidai ba ce. Holcombe fa mutum ne da ya taɓa tsayar da fasto a wajen jana'iza don ya gyara masa shekarar ambaliya. Littattafansa rabin kowane shafi bayanin inda ya samo magana ne, wace takarda, wane akwati, wace rana. Ka ce masa maƙetaci, ya yi murmushi. Ka ce ba shi da madogara, ya kwana uku bai ci abinci ba.

To ga abin da na yi. Na rubuta wa jaridar mako cewa littafin ya yi daɗi ƙwarai, Allah ya yi wa lauyanmu baiwar shirya ƙarya, kuma tunda babu takarda ko guda a duniya da ta nuna haka ta faru, ya kamata mu sake duba sauran littattafansa, ƙila su ma da ka aka rubuta su. Ka san kuma ina cikin kwamitin ɗakin karatu. Na kwashe littattafansa kaf daga kantar tarihi, har da na gadar, na jera su tare da tatsuniyoyin yara.

An ce ya shiga ya gani, fuskarsa ta yi ja wur, ya mayar da su da hannunsa. Washegari na sake kwashe su. Sau huɗu ke nan muna yi, kuma ni ba inda za ni.

Ka daina yi mini wa'azi, ka sha maganinka.

Taka,
Odessa.


Belden Ferry,
9 ga Oktoba, 1994.

Alton ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ya faɗa, Alton! Ya faɗa da ƙafa biyu.

Ranar Asabar ta makon jiya aka yi taron shekara na ƙungiyar masu tarihin gunduma, shi ne mai jawabi. Na sa farar hulata na zauna a layin gaba. Da aka zo tambayoyi na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ni tsohuwar malama ce, ɗalibi in ya kawo amsa sai ya nuna mini inda ya samo. Kai a ina ka samo, ko mafarki ka yi?" Aka fashe da dariya. Wani tsoho daga baya ya ce, "Prentiss, ta kama ka, ka ce mafarki ne mu je mu ci kifi!"

Holcombe ya sa hannu a aljihun kwat ya fito da takarda, ashe kwana da kwanaki yana yawo da ita. Ya gyara tabarau ya karanta: "Ni Lemuel Spann, ina rubuta wannan da hankalina. Jinin Ozell Reddick a kan gidana yake, domin daga gidana aka nuna musu rumbun." Da ya tsaya nan ma da sauƙi. Amma halin nasa bai bar shi ba, sai da ya ƙara da cewa wasiƙa ce ta watan Mayun 1941, shafi biyu, daga takardun marigayiya Idella Gaither, tana hannunsa. Sakatariya na rubutawa, mutum sittin na saurare. Yana rufe baki ya gane abin da ya yi, ya tsaya yana kallona tsuru.

Ba zan ɓoye maka ba, jin kalmomin Kaka ya soke ni. Amma ka lura da abu biyu. Kaka bai ce shi ya nuna ba, cewa ya yi daga gidansa. Kuma shafi biyu ne, Holcombe ya karanta layi uku ya ninke. Me yake ɓoyewa? Ni na tabbata shafi na biyun ya wanke Kaka ne, shi kuwa ya danne don labarinsa ya samu mugu.

Litinin na shigar da ƙara. Laraba sai ga shi a barandata, hula a hannu, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya ce zai ajiye lauyanci da kansa, ya ba ni takardar, in dai ba za a yi zama a bainar jama'a ba. Ya fara cewa, "Malama Odessa, don girman Allah ki saurare ni, shafi na biyun nan..." Na rufe ƙofa. A bainar jama'a ya tozarta mu, a ɓoye yake so ya sauka? Jiya ya aiko da wasiƙa. Na mayar masa ba tare da na buɗe ba, don ya ga yadda ake yi.

An sa zama a watan Fabrairu. In gwiwa ta bari ka zo ka sha kallo.

Yayarka mai ƙaunarka,
Odessa.


Belden Ferry,
17 ga Fabrairu, 1995.

Zuwa ga Alton,

Ina gaishe ka, ina gaida Vernice da yara. Ina fata kuna lafiya. Gara da ba ka zo ba.

An karɓe lasisinsa. Ka fara sanin wannan, tunda shi na nema kuma na samu. Bai yi musu ba ko kaɗan, ya amsa cewa ya buɗe ambulan ɗin kwana biyu bayan jana'izar Mama. Ya ce ya kunna ashana har sau biyu, amma bai taɓa ƙona tsohuwar takarda ba a rayuwarsa, hannunsa ya ƙi.

Ɗakin ya cika. Mutanen cocinmu sun zo mota biyu, jikokin Ozell Reddick su ma suna nan, ga ɗan jarida. Lauyata ta raɗa mini cewa magana ta ƙare, tunda ya amsa laifi ba sai an karanta takardar ba, za a ba ni ita a liƙe in tafi gida. Na ce ban yarda ba. Na miƙe na ce ni ce magajiyar Idella Gaither, takardar tawa ce, kuma ina so a karanta ta duka a shigar da ita cikin bayanan zama, don gari ya ji abin da mutumin nan ya danne. Holcombe ya yi zumbur ya ce, "Malama Odessa, kada ki yi." Shugaban zaman ya tambaye ni har sau biyu ko na tabbata. Na ce na tabbata. Da magatakarda ya fara karatu ƙasa-ƙasa, ni na ce ya ɗaga murya don na baya su ji.

Gaskiyata ce, Alton, shafi na biyu ya wanke Kaka tas. Shi ya ɓoye Ozell a rumbun da hannunsa, kuma ranar da fararen suka zo ba ya gida. 'Yarsa mai shekara goma sha ɗaya, wadda ke kai wa Ozell abinci, ita suka tarar a tsakar gida da kwano a hannu. Ba su dake ta ba. Ɗayansu ya durƙusa ya tambaye ta a hankali wa za ta kai wa, ya ce magana kawai za su yi da shi. Ta nuna da yatsa. Kaka ya rubuta cewa ta yi wata uku ba ta magana, kuma ya rubuta takardar ne don ta karanta bayan ransa, ta san bai taɓa ganin laifinta ba. Magatakarda ya karanta sunan yarinyar da ƙarfi kamar yadda na ce. Idella.

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. A bakin ƙofa Holcombe ya tsaya kusa da ni, ya ce shi ya sa ya ɗora wa dattijon a littafi, don ya ga ko uban ma haka zai so. Na ce masa da ya ƙone ta kamar yadda ya yi alkawari, da ba wanda ya ɗauki komai. Ban yafe masa ba, kuma ba zan yafe ba. Ya je ya yi ta rubuta tarihinsa, yanzu kullum Juma'a ce a wurinsa.

Amma ka ga, Kaka ya rufa wa Mama asiri har ya koma ga Ubangiji. Ita ta riƙe shi shekara saba'in, tana dafa mana abinci, tana waƙa a coci. Ko mutumin da ya ci amanarta rabi ya tona. Sauran rabin ni 'yarta na tona, a tsaye, da farar hula, ina cewa a ɗaga murya.

Jarida za ta fito ranar Alhamis. Na so ka ji daga hannuna kafin wani ya buga maka waya. Kada ka rubuto ka ce ka faɗa mini, na sani. In za ka iya, ka zo a watan gobe mu je kabarinta tare, don ni kaɗai na kasa. Sau biyu ina kaiwa bakin maƙabarta ina juyowa.

Ka sa ni a addu'a.

Yayarka,
Odessa.