Ki Ajiye Wayar a Kan Tabarma

Adda Juwairiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya a Mubi. Yaya ƙafar Inna? An tone gyaɗar gonar Duvu kuwa?

Ni lafiya ƙalau, kada ku damu. Kin tambayi aikina a Kanada. Gidajen nan a rufe suke ruf saboda sanyi, ta bututu iska ke shiga ɗakuna. Karnuka da kyanwoyi a ciki suke kwana, gashinsu ya yi ta taruwa har bututun ya toshe. Ni ke kwance murfin bututun, in zuƙe gashin da inji. Kayan sallata daban suke cikin leda, ki gaya wa Inna hankalinta ya kwanta.

Abu ɗaya ne dai, bututun yana ɗauko murya. Shekaranjiya ina durƙushe a ɗakin ƙasa na wani gida, sai na jiyo masu gidan a sama suna cin abinci, ana gardama ana dariya. Na kashe injin. Adda, aikin minti ashirin sai da ya kai ni awa guda. Kyanwarsu ce kaɗai ta sauko ta zauna kusa da ni.

Don Allah ki daina jera yara su gaishe ni a waya ɗaya bayan ɗaya. In an sauke tuwo, ki danna ɗaukar murya, ki ajiye wayar a kan tabarma, kada ki faɗa wa kowa. Hayaniyar gidan nake so.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Hammanjoda