Kwastoman Kaka

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya tsayuwar asibiti? Allah ya sa ƙafarki ta daina kumburi. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Baba yana gaishe ki. Na ce wa Kaka zan rubuto miki, ta ce in gaishe ki da kyau, sannan ta tambaye ni ke wace ce.

Yaya, akwai maganar da ban gaya wa kowa ba. A waya ba zan iya ba, don wayar ta Baba ce, kuma yana tsaye a kaina nake magana. Ɓeran masar ɗin da kika kawo wa Kaka kafin ki tafi ba shi da lafiya, kuma ni ce sanadi.

Sunan da kika sa masa bai bi shi ba. Kaka ta sa masa Kwastoma. Kullum da safe sai ta ɗauko tsohon farantinta na kasuwa, ta zauna gaban keji, in miƙa mata kwalbar busasshen karas da tattasai ɗin nan da kika saya a shagon kayan dabbobi. Sai ta kasa su kashi-kashi, kamar lokacin da take sayar da kayan lambu. Shi kuma da ya ji ƙarar kwalba sai ya hau kuka yana kama wayar kejin da hannuwa. Ta ce masa, “Kai malam, ba ka taya ba ka hau ci?” In ya cinye ta ƙara masa gyara. A nan kaɗai nake jin dariyarta. Kin san kuma tsarinta na shekara talatin a kasuwa, ba ta sa komai a baki sai ta yi cinikin farko. Ta manta sunana, amma wannan ba ta manta ba. Sai Kwastoma ya saya take karyawa.

Kin rubuta a murfin kwalbar cewa ɗan tsunkule ɗaya a rana, sauran abincinsa busasshiyar ciyawa. Wata biyu ina bin haka. Daga nan Kaka ta fara rigimar fita. Sai ta yafa mayafi ta nufi ƙofa, wai ta makara, za a tare mata wuri a kasuwa. Kin san benen nan hawa huɗu ne, kuma ƙarfen riƙewar yana girgiɗi. In na tare ƙofa ta mintsine ni, ko ta zauna a ƙasa tana kuka. Wata rana bayan azahar na rasa yadda zan yi, sai na sauko da kwalbar na miƙa mata. Nan take ta cire mayafi ta zauna, wajen rabin awa tana ciniki. Ni kuwa na shiga kicin na zauna a ƙasa, na jingina da bango. Ban yi komai ba, Yaya, zama kawai na yi.

Daga ranar ke nan. Sau uku a rana, sau biyar, har na daina lissafi. In zan yi wanki in ba ta kwalba, in zan yi wanka in ba ta kwalba. Wani lokaci ma ba aikin da zan yi.

Yanzu kwana uku ke nan bai taɓa ciyawa ba. Cikinsa ya yi tsiri, haɓarsa a jiƙe, yana lafe a lungu. Da Baba ya ga kwalbar ta kusa ƙarewa, ya ce lallai Kaka ce ke taka kujera tana saukowa da ita daga kan kabad. Ina tsaye a wurin. Na yi shiru.

Don Allah kada ki gaya masa. Ki gaida ƙawarki mai gilashi.

Taki,
Auta

Ranar Alhamis

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ban jira amsarki ba, na san kuna cikin jarrabawa.

Ranar Talata Baba ya ɗauki rabin yini daga tuƙin bas, muka kai Kwastoma wajen likitar dabbobi a cikin kwalin takalmi. Matar telan da ke ƙasanmu ce ta zauna da Kaka. Likitar ta buɗe bakinsa da wani ɗan ƙarfe ta haska mana. Ta ce haƙoransu ba sa daina tsiro, taunar ciyawa ce ke rage su. Shi kuwa ya ƙoshi da kayan zaƙi ya bar ciyawa, haƙoran ciki sun yi tsawo har sun danne harshensa. Ta ce busasshen karas a wajensu kamar alewa ce a wajen yaro. Sannan ta tambaya wa ke ba shi abinci. Baba ya ce mahaifiyarsa ce, ba ta san ta bayar ba sai ta sake. Likitar ta dube ni ta ce, “Sannu ’yammata, kina ƙoƙari.” Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ta riƙe shi kwana biyu don a rage haƙoran.

Da muka dawo Baba ya durƙusa gaban Kaka. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Inna, kin kusa kashe bawan Allah nan fa.” Ba ta gane abin da yake nufi ba, ta ɗauka mai kula da kasuwa ne. Ta kama gefen farantinta da hannu biyu tana cewa ya yi haƙuri yallaɓai, ba za ta ƙara ba, kada ya tashe ta daga wurin. Ta ba da haƙuri a kan laifina, Yaya. Ina bakin kicin riƙe da ludayi.

Baba ya juye sauran abin kwalbar a shara. Ya ce ya yi magana da mai shagon kayan dabbobi, Asabar ta sama zai zo ya ɗauki Kwastoma da kejinsa, in ya samu masu so ya ba su. Ya ce tunda ba za a iya hana Inna taka kujera ba, gara a raba ta da abin da ke sa ta hawa, kafin ta karye ko ta kashe dabbar mutane.

Jiya Kaka ta wuni gaban keji babu kowa a ciki, da faranti babu komai a kai. Na kai mata shayi da burodi, ta ce in ajiye, ba a yi ciniki ba tukuna. Na kai abincin rana, haka. Sai dab da magariba ta sha ruwa da rabin ayaba, shi ma don na ce mata sadaka ce aka raba wa ’yan kasuwa. Baba ba ya ganin wannan. Yana fita ba ta tashi ba, ya dawo ya tarar na wanke kwanuka.

Gaba kura baya sayaki. In na yi shiru za a tafi da shi, in na yi magana ban san da wane ido Baba zai dube ni ba. Kullum cewa yake yi da abokansa Auta ba ta taɓa ba shi ciwon kai ba.

Bayana yana ciwo, bari in tsaya nan. Ki yi mini addu’a.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Talata

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu takardarki a hannun abokin aikin Baba, har da sabulun. Na gode. Na karanta inda kika ce ba a ɓoye wa mai wanka cibiya, na gane abin da kike nufi. Amma ke kin iya magana. Ni kuwa ban iya yi wa Baba irin wannan magana ba.

Kwastoma ya dawo, ya rame har ana jin ƙashin bayansa. Ina dama masa wani gari da likita ta bayar, in ɗura masa da sirinji sau biyar a rana. Yana turewa da hannu kamar jariri. Shekaranjiya ya ja ciyawa ɗaya da kansa.

Ga abin da na yi. Tunda kwalba ta zama wayam, na ɗebi karas uku da koren tattasai biyu a cikin kayan miya, na zauna a baranda zan yanka in shanya. Kaka ta zo ta tsaya a kaina, ta ce wace uwa ce ta koya mini riƙon wuƙa. Ta karɓe. Yaya, da kin ga hannunta! Ba ta ko kallon wuƙar, sai sirara suke zubowa, ana iya hango haske ta cikinsu. Ta ce a baza su kada ɗaya ya hau ɗaya, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, a juya su in rana ta karkata. Wunin ranar ba ta nemi mayafi ba, sai leƙa shanya take yi. Kwana uku suka bushe ƙarau.

Sai na ce a raina, ai ba ciyar da shi take so ba, mai saye take so. Na ɗebo maɓallai a gwangwanin ɗinkin Umma, Allah ya jiƙanta, na fita na ƙwanƙwasa ƙofar ɗaki, na shigo na yi sallama na ce nawa karas. Ta dube ni sama da ƙasa. Na taya, ta ce albarka. Na ƙara maɓalli ɗaya, ta sallama, har da gyara. Na kai kicin na mayar a kwalba. Ranar ta ci rabin abincinta.

Rabi fa. In Kwastoma ne ya saya, tas take cinyewa. Ta ce ni baƙuwar fuska ce, shi ne mutuminta na kullum. Don haka yanzu nakan ɗauki tsunkulen ranar in kakkarya shi ƙanana kamar farce, in ba ta ɗaya-ɗaya ta sayar masa. Tana mita wai ina sa ta cuci mutum. Na gwada in sa mata ciyawa a faranti, ta ture, ta ce ita ba ta taɓa sayar da ciyawa ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba.

To tsugunne ba ta ƙare ba. A da kwalba ce ke zama da ita, yanzu ni ce. Jiya na yi cefane sau goma sha ɗaya, tsakanin wanki da girki da sirinji. Kowane zuwa sai ta tambaye ni ’yar gidan wa ce. Sau ɗaya ta ce uwata ta iya tarbiyya, in gaishe ta. Na ce za ta ji. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji ni.

Matar tela ta tare ni a bene ta ce in ina so ta riƙa hawowa da yamma ta zauna da Kaka, aikin hannu ne ko’ina tana yinsa. Na ce a’a, ba komai, na gode. Ban san me ya sa bakina yake faɗin haka ba.

Saura kwana huɗu Asabar.

Taki har kullum,
Auta

Ranar Juma’a da safe

Yayata,

Ina kwana, ya gajiyar jarrabawa? Allah ya ba da sa’a. Wannan gajera ce, ruwa na kan wuta.

Jiya da yamma Baba ya goge kejin, ya ɗaure ledar ciyawa a samansa don mai shago ya tafi da ita gobe. Kaka tana kallonsa, ta ce wa Kwastoma kada ya damu, masu shara ne.

Na gwada magana sau biyu. Na farko na ce “Baba,” ya ce “Na’am,” na ce ko in ƙaro masa miya. Na biyu ko “Baba” ɗin bai fito ba.

Sai na tuna ke ma ba da baki na gaya miki ba. Yau da na idar da sallar asuba na yagi takarda a littafin nan da nake rubuto miki na rubuta masa. Na ce Kaka ba ta taɓa taka kujera ba, ni nake sauko mata da kwalba don in samu in zauna. Na ce haƙurin da ta ba shi ranar nan nawa ne. Na ce ba ta cin abinci sai ta yi ciniki da Kwastoma, in yana shakka ya zauna gobe da safe ya gani kafin mai shago ya iso. Na ce ya bar mana shi, tsunkule ɗaya a rana, na rantse. A ƙarshe na rubuta cewa na gaji. Na soke, na sake rubutawa, na bar shi.

Na naɗe ta a leda na sa a kan murfin ciki na kular abincinsa. Ya ɗauka ya sauka, na ji ƙafarsa har hawa na ƙasa. Ƙarfe ɗaya yake cin abinci. Ko zan mutu da kunya ba zan iya bin bas in karɓo ta ba, shi ya sa na sa ta a can.

Ban san abin da zai ce ba. In ya yi fushi ya yi da mai laifin.

In na kai wa abokin aikinsa wannan takarda, a hanyar dawowa zan tsaya a ƙofar matar tela. Na haddace abin da zan faɗa, kalma huɗu ne kacal: “Ki zo da yamma.”

Kaka ta tashi, ga ta can tana buga faranti. Kwastoma ma ya ji, ya fara kiranta. Bari in je a buɗe kasuwa.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta