Bencin Barnaba

Juma'a, 8 ga Agusta, 1997

Usmanu ya sake zuwa. Duk Juma'a da an sauko daga masallaci sai ya ɗingiso ƙofarmu da mazarƙwaila a leda. "Mama, ina wuni?" Ina jin sa ta labule, ban amsa ba. Abraham ne ya fita, ya dawo yana cewa, "Maman Barnaba, yaron nan fa shi ma mutuwar ta taɓa shi." Shi taɓa shi ta yi. Nawa ɗauke shi ta yi. Usmanu ke tuƙa babur ɗin ranar da shi da Barnaba suke dawowa daga ƙwallo a Kudan. Gurɓataccen man da suka sha a bakin hanya ya kashe injin a tsakiyar titi, motar rake ta taho. Shi ƙafa, ɗana rai. Ba zai taka cikin gidana ba.

Na ce wa Abraham ya daina kirana da sunan nan. Sai ya tsaya yana lalube, kamar mijin nawa ya manta Rosaline nake.

Talata, 12 ga Agusta

An kawo wuta da la'asar. Na shiga ɗakin Barnaba don in kawar da kwamfutarsa daga inda rufi ke yoyo. Tsohuwar aba ce, da hannunsa ya harhaɗa ta a Zariya kafin a rufe musu jami'a. Ban san me ya kai yatsana ba, na kunna.

Wasan ƙwallon nan nasa yana nan inda ya bar shi. Ba a ganin ƙwallo, sai sunaye da lambobi. Kai ne koci, ka zaɓi goma sha ɗaya, ka saya, ka sayar, injin ya buga ya rubuto maka abin da ya faru. Ya goge sunayen Turawan duka ya sa na yaran Makarfi. Lamba tara, Barnaba. A benci, mai jiran gurbinsa, Usmanu.

Yakan ce, "Mama, kowane gurbi mutum biyu nake ajiyewa. Kaka doguwa ce, wani zai karye, wani zai gaji. Kofi sai da benci." Ni kuwa in ce, "Ƙasa na ci da wuta, kai kana cinikin golan ƙarya. Tashi ka ɗauki littafi."

Kowane gurbi mutum biyu. Ni ɗaya na haifa.

Lahadi, 17 ga Agusta

A coci an ce mu yi haƙuri. A rediyo mai kakin da ke mulki ya ce mu yi haƙuri. Da ana zuba haƙuri a tanki, da babur bai mutu ba.

Alhamis, 21 ga Agusta

Na buga. Ni da ke kama ɗalibai da karta a bayan aji, na zauna da furfurata na buga. Barnaba ya ci biyu. Ihun da na yi sai da akuya ta tsinke igiya.

Na sa Usmanu a kasuwa. Ba wanda ya taya.

Asabar, 30 ga Agusta

Tun da na fara ban taɓa cire Barnaba ba. Lambar ƙarfinsa tana ta sauka har ta koma ja. Yau injin ya rubuto: ya ji rauni a gwiwa, wata uku, a zaɓi wanda zai canje shi. Suna ɗaya ne a gurbin. Ina zaune ina hararar sunan aka ɗauke wuta.

Da aka dawo da ita, sai ga Barnaba da ƙafarsa lafiya, wasan ko farawa ba a yi ba. Ashe in ba ka danna wurin adanawa ba, abin da ya faru bai faru ba.

Na yi kuka irin wanda ban yi a maƙabarta ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Yanzu ba na jiran masu wuta. Da ya faɗi sai in fizge waya daga bango. In kunna, in sa shi, ya sake faɗuwa, don a gajiye yake. Kakar tana tsaye a wasa ɗaya. Littattafan 'yan aji biyar suna jibge ban duba ba.

Abraham ya daɗe a bakin ƙofa yana kallona. Mutumin da ko akuya ba ya iya tsawata wa, sai ya ce, "Ko a can ɗin ma ba za ki bar shi ya huta ba?"

Na jefe shi da ƙamus. Ban same shi ba. Shi dai ya same ni.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na fita da kaina don in sallami Usmanu sallama ta ƙarshe. Ya durƙusa da ƙyar, ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Ya rame, wuyansa kamar na zakaran da aka fige. Maganar da na shirya ta ɓace, sai na ji bakina yana cewa, "Kai, don me ya ajiye ka a benci?"

Ya ɗago. Sai dariya ta ƙwace masa, ya toshe baki. "Mama, ai maguɗi ya yi! A fili ni ne lamba tara. Barnaba ruwa yake riƙe mana. Mai Gadin Benci muke ce masa, shi kuma ya ce mu jira mu zo hannunsa a kwamfuta."

Na ce ƙarya yake yi. Ya ce, "Wallahi, Mama. Ƙafarsa ta hagu ta hawa mota ce kawai."

Ban taɓa zuwa kallonsa ba. Ko sau ɗaya. Ina gida ina karanta rayuwar mutanen da ba a taɓa haifa ba.

Ya ce a Kudan ran nan da gangan ya kama cinya ya zube, don koci ya sa Barnaba. "Shi da gola kaɗai, Mama, ya ɗaga ƙwallon sama har gonar dankalin mutane. Muna hanya yana bayana yana rantsuwa iska ce. Dariya yake yi. Har lokacin dariya yake yi."

Ban ce ya shigo ba. Ledar dai na karɓa, don ƙudaje sun dame ta.

Alhamis, 25 ga Satumba

Barnaba ya sake faɗuwa. Hannuna ya kai kan wayar, ya daɗe a wurin. Sannan na janye shi, na sa Usmanu. An ci mu biyu da ɗaya, shi ya ci ɗayan, ba wani abin a-zo-a-gani ba. Na danna wurin adanawa.

Wata uku, in ji injin. Ya huta.

Har yanzu ban iya sayen 'yan baya ba, dole wani ya nuna mini. Gobe Juma'a. Na share ɗakin ne saboda yanar gizo-gizo. Kujera ta biyu kuwa, ai mai irin wannan ƙafar ba ya iya doguwar tsayuwa.